Tukunya Ta Sittin Da Uku

Jatau direba ya sauke kwandon a Samaru
ƙarfe shida, sanyin Jos bai gama sakinsa ba.
Ya ce, "Malama Ladidi, tsiron nan naki
ya fi bakwaini son lallaɓa."
Na sallame shi, na ƙirga saiwoyi.

Uwar ja ce, mai zaƙi, mai cika ido,
irin wadda ake jerawa a faranti bakin titi.
Uban ɗan tsurut, ga tsami kamar tsamiyar biri,
ba mai saye, ba ma mai tayawa.
Na lakato garin furensa da bakin burushi,
na shafa mata, na ɗaura ƙyalle mai lamba.
Ɗaurin aure ba goro, ba maroƙi.

'Ya'ya ɗari da arba'in suka fito,
kowa da tukunyarsa a ƙarƙashin rumfar raga.
Ƙasa ɗaya, taki ɗaya, ruwan famfo ɗaya,
amma in na matse su a ɗakin gwaji,
na ɗiga ruwan a kan shuɗin magani,
wani ɗigo huɗu ya kori shuɗin,
wani sai ya kai goma yana jan ƙafa.
Haka bitamin C yake:
ba a ganinsa, sai dai a ga abin da ya share.

An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.
To sitiroberi halin wa ta yi?
Mu wasiƙar gado biyu ake ba mu,
ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.
Ita takwas ta rungumo,
takwas, kuma rubutun kusan iri ɗaya,
ni ko ina neman wasali guda
da ya raba wannan shafi da wancan.
Shekara huɗu ina bin layi da yatsa
kamar mai koyon baƙi.

Ran wata Laraba aka ɗauke wuta, janareta ba mai.
Firji ya kwana yana gumi.
Aikin wata biyu ya zama jan ruwa a ƙasan kwalba.
Ban yi kuka ba. Na wanke kwalabe,
na fito na zauna a matakala.
Akuyar maigadi tana tuƙa tana kallona,
ita da a hantarta take dafa nata,
ba ta roƙon lemo a wurin kowa.
Mu ma muna da murhun a jikinmu,
sai dai dutse ɗaya ya faɗi
tun zamanin da ba mai iya tunawa,
shi ya sa muke bin itatuwa da hannu a miƙe.

Da aka sake awo, ta sittin da uku ta yi zarra.
Mummuna ce, karkatacciya, rabinta fari,
ko tsuntsu bai taɓa yi mata sata ba.
Sau uku ina maimaitawa, sau uku tana kore shuɗin
kafin in gama bisimilla.

Na naɗe biyu a ganye na kai wa Inna a Ƙofar Gayan,
don na ga asuwakinta yana fitowa da ja.
Ta gatsa, ta runtse ido, ta ce,
"Wannan ne ya hana ki zuwa sunan ɗan Barmani?"
Ta nuna gwaibar bayan ɗaki da haɓa.
Na ce, "Gaskiya ta fi shi, Inna. Awo ya nuna."
Ta ce, "To?"

Ba ni da amsa. Na gatsa ɗayar.
Tsamin ya hau min har kunne.
Sai ta tsaya tana dubana, ta daɗe,
ta ce, "Haka ubanki yake yamutsa hanci,
ke ko ba ki ma san shi ba."

Da zan tafi ta biyo ni zaure.
"Wannan mummunar," in ji ta,
"in ta yi reshe, ki kawo min.
Akwai wuri kusa da randa."