Karatun Gobe a Ƙofar Ƙaura

Daren Asabar, an ɗauke wuta.
Ina duba karatun gobe da fitilar waya
sai Briskila ta zauna bakin tabarma
da takardunta na jami'a.
Ta ce, Baba, ka san a ƙetaren teku
masu wa'azi sun kāre bauta da Littafin nan?

Wai Nuhu ya farka ya la'anci jika,
suka ɗebo baƙin tukunya suka shafa wa la'anar,
suka ce ga fatarmu.
Wai Ibrahim ma yana da barori saye da kuɗi.
Wai manzo ya mai da gudajjen bawa
gidan ubangijinsa, da wasiƙa a hannu.
Mai cewa a kwance mutane
shi aka kira mai ja da Allah.

Na ce, wasiƙar ai ta ce a karɓe shi ɗan'uwa.
Ta ce, nan suke cijewa,
kamar jaki a bakin kududdufi.

Ban amsa ba. Kakata nake gani.
Dangana, sunan da mai gida ya laƙa mata.
Kantu biyu na gishiri da ɗan wuri, in ji ta,
har da ragi, don tana tari.
A idon sawunta akwai farin zobe
inda mari ya ci,
mukan zagaya shi da yatsa muna yara
tana tsinkar zogale.
Ba da wannan Littafi aka ɗaure ta ba,
wanda ya saye ta ma da tasa hujja.
Mai riƙe da igiya bai taɓa rasa shafi ba.

Da furfura ta shiga ruwan baftisma.
Ba ta san baƙi ba,
amma kullum sai ta ce, Barnaba, buɗe min
wurin da teku ya tsage.
In Fir'auna ya nutse ta yi guɗa
har maƙwabta su leƙo.

Karatun gobe ya faɗo kan ayar nan
da ta ce bayi su yi biyayya.
Briskila ta ce, tsallake ta mana.
A'a. Tsallake ai sana'arsu ce.
Zan karanta ta duka, a hankali,
in cire tabarau,
in gaya wa ikilisiya farashin kakata.

Ta ce, mene ne sunanta na yanka?
Na buɗe baki.
Cajin wayar ya ƙare.