Faifai Uku

A ɗakin da muke jibge dankali na kafa ta,
bisa bencin da ƙafarsa ɗaya ta gaza,
na tokare da marfin kwalba.
Tsohuwar kwamfutar wani ofis ce da ya watse,
na sayo ta a Dilimi, kura har cikin haƙarƙarinta.
Sanyin Jos ya yafe min kuɗin sanyaya ɗaki.
Safara'u ta raɗa mata Mai-Minshari,
don fankarta ba ta san dare ya raba ba.

A cikinta akwai takardar filinmu na Rikkos,
hotunan sunan Mudassir, har wanda ragon ya kufce,
rasit na shekara tara,
da muryar Goggo Tabawa tana koya wa waya
yadda ake gwate ba ya tsinkewa,
tana tari, tana cewa, "Wai wannan abin yana ji?"

An ce min, "Ka zuba a gajimare mana, ka huta."
Na ɗaga kai na dubi na garinmu:
da hantsi fari ne kamar auduga,
kafin la'asar ya jefe mu da ƙanƙara.
Kayan aro ba ya rufe katara.
Gara rumbuna, ko da na kara ne,
in dai mabuɗin na aljihuna.

Littafin bashi ɗaya Baba yake da shi.
Daren da kasuwa ta ci wuta
ya tsaya a bakin titi da buta a hannu.
Yadin da ya ƙone bai dame shi kamar sunayen ba.
Waɗanda suka biya, suka biya don Allah.
Sauran sai suka koma gaishe shi daga nesa.

Shi ya sa nawa faifan uku ne.
Ɗaya a cikinta, yana juyawa.
Ɗaya a gwangwanin madara, naɗe da safa.
Na ukun yana Bukuru, gidan Dalyop,
a kan kabad, gefen Littafinsa mai baƙin bango.
Nasa kuma yana nan, ƙarƙashin shantar da nake ɗora carbi.
Duk Asabar ɗin ƙarshen wata mu haɗu,
ya miƙo, in miƙa, mu sha shayi.
Ban san me ke cikin nasa ba. A kulle yake.
Bai taɓa tambayar nawa ba.

Ran nan, cikin Agusta, aradu ta faɗi bayan gida.
Inbata ta yi ƙara ɗaya ta haɗiye harshe.
Na shiga da tocila, ɗakin na warin ƙonannen roba,
minsharin ya ɗauke.
Na buɗe gwangwani ina murmushin mai dabara,
na jona, na jira.
Babu komai sai sunayen jakunkuna,
kowace a wofi, kamar shago bayan tashi.
Wata huɗu ina kwafar iska,
kullum injin na ce min an gama,
ni kuma ban taɓa leƙawa ba.
Ajiyar da ba a buɗe an gani ba
jita-jita ce kawai.

Na hau Keke cikin yayyafi, na canza mota,
ƙafata a jiƙe har idon sawu.
Dalyop ya buɗe ƙofa bai ce komai ba,
ya taka kujera, ya sauko da shi,
ya goge da gefen rigarsa.

Layin kore ya kwana yana rarrafe.
Ana kiran assalatu ya kai gaci.
Kwana goma sha tara sun tafi, ba su dawo ba:
takun Mudassir na farko yana cikinsu.
Wannan sai dai mu riƙa ba shi labari.

Na danna ɗaya, da ka.
Sai ga tari daga cikin buhunan dankali.
Safara'u ta tsaya a ƙofa da tsintsiya.
"Wai wannan abin yana ji?"

Yana ji, Goggo.