Awon Kanar

A tsohon littafin awona, shafi na tara,
akwai sunan Hashimu ɗan Tambai:
ƙugu talatin, kafaɗa sha bakwai.
Ranar da ya fara shigowa shagona a Ƙofar Marusa
wandon kakin da suka ba shi a Kaduna
ya fi ƙafarsa da taƙi guda.
Na rage, na kalmasa, na ƙara maɓalli.
Ya ajiye sule uku a kan keke,
ya ce ciko sai an yi albashi.

Shekaru suka ja.
Tambai ke kawo wasiƙunsa in karanta mata,
layi huɗu, biyar, kullum lafiya lau.
Sai ga shi wata Laraba bayan la'asar,
ya rame, ya yi baƙi kamar gindin tukunya,
daga wani daji da ba ya son kiran sunansa.
Ya miƙo riga, huda a ƙasan hammata,
bakinta a ƙone.
Ya ce, Ɗanjuma, cike ta kafin tsohuwa ta gani.
Na cike da zare mai ruwan ganye.
Ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Da ya zama Kanar, ƙugu talatin da shida.
Ba ya ciniki, ba ya maimaita magana.
Ko almakashina yakan nutsu in ya shigo.

A rediyo ya ji an sallame shi,
tsakanin labarin taki da na ƙwallo.
Bayan wata uku ya zo da shadda yadi goma,
ya ce zai tsaya takara.
Na yi masa aska biyu, na tsaya ina kallo:
hannun riga na zamewa, yana kamawa,
yana laluben ɗamarar da babu ita.
Ya ce, zurfafa aljihun.
Na zurfafa.

Soja in an ce ya tsaya, ya tsaya.
Mai ƙuri'a kuwa sai ya ci tuwonka,
ya sa maka albarka, ya dangwala wa wani.
Haka suka yi masa karon farko.
Ya koyi durƙuso, ya koyi zaman makoki,
ya koyi dariya da wanda a da
ko ƙamewarsa ba zai amsa ba.
Karo na biyu ya haye.

Ba zan ci haƙƙinsa ba:
famfon bakin masallacinmu shi ya haƙa,
har gobe yana zuba.
Asibitin da ya ɗora wa tubali kuwa
ya tsaya iya taga,
awaki ke haihuwa a ɗakin haihuwar.
Daga nan ɗinkinsa ya koma Abuja.
A fosta nake auna shi da ido,
na ce wannan ya haura arba'in da huɗu.

Jam'iyya ta ba wani yaro tuta,
ɗan wanda ke riƙe masa jaka.
Ƙofar gidansa ta yi shara,
masu kirari sun bi inuwa.

Jiya da magariba ya shigo da sanda,
da ƙunshi a baƙar leda.
Kakin nan ne. Wai in buɗa masa,
zai sa ranar tunawa da mazan jiya.
Na juya cikin, na duba kalmasa,
babu sauran ƙyallen da zan saki.
Yatsansa ya sami cikon hammata, ya tsaya a kai.
Ya ce, a cikin wannan
na san wanda ke harbina.

Na ce, ranka ya daɗe, ba za ta shiga ba.
Ya yi dariya har da tari.
Na kawo masa shayi, muka yi shiru.

Shafi na tara yana nan.
Cikon kuɗin wandon, sule biyu,
ban karɓa ba,
ban kuma soke ba.