Kwalba a Kan Taga

Kwana tara ke nan kwalbar na kan taga,
ban ɓalle murfinta ba.
Sidi talatin na ba yaron shago a Aboabo,
ya ce, duk wata uku a zuba a ruwan sha,
ko suna ciwo ko ba sa yi.

Kajina bakwai ne, da zakara mai ɗingishi.
Ba su san akurki ba sai magariba.
Bakin kwata suke yini,
suna tonon abin da ruwan jiya ya kawo daga Asawase,
su tsinci tana, su bi kyankyaso,
su dawo su goge baki kamar masu azumi.

Mumuni tela ya leƙo ta katanga, allura a leɓe:
rigakafi ya fi magani, Fuseina.
Na ce haka ne.
Ban tuna masa nasa goman da ya binne bara ba,
duk da kwalabe cike da tagarsa.

Iya ta ce su a zamaninsu 'ya'yan gwanda ne,
a daka da tafarnuwa,
sauran a bar wa Mai kaji.

Adiza kuwa, da na biya wa kuɗin karatun noma,
ta waya ta ce kada in kuskura.
Wai tsutsa ma tana sabo,
in ta sha yau ta sha gobe
ran da ake nemanta da gaske sai ta yi dariya.
Kuma ƙwan kwanakin nan duk zubarwa ne.
Zubarwa!
Ƙwan da mai shayi ke jira tun asuba?

Don haka yau, kafin a sallame a masallaci,
na tsuguna da tsinken tsintsiya
ina tona kashin kaji ɗaya bayan ɗaya
kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi.
Ban ga komai ba.
Sai dai wake-waken nan, da na ɗaga ta,
ba ta kai nauyin ɗankwalina ba,
ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa.

Na ƙulle nata a leda, na ƙara leda.
Ga ni a turoturo, za ni wurin likitan dabbobi,
ƙullin a jaka kusa da kuɗina.
Matar da ke gefena ta shaƙa sau biyu,
ta dubi yaron mota.
Ni ma na dube shi.