Karɓi Littafinka, Tasi'u

Tasi'u, karɓi abinka.
Kwana uku ban yi barcin kirki ba.
Ran Talata aka ɗauke wuta a Ƙofar Ƙaura,
na ci gaba da fitilar waya
har caji ya ƙare
daidai inda aka tsinci takalmin tsohon direba
a bakin rijiya, ƙafa ɗaya.

Marubucin nan ba shi da imani.
Ya bari na saba da tsohon,
har tarinsa na sani, da goron da yake ɓoyewa a hula,
sannan ya gama da shi a layi biyu.
Na yi tsaki, na cusa littafin ƙarƙashin katifa.
Kafin assalatu na jawo shi.

Amma fa ya iya.
Ashe makashin mai gaishe da kowa ne,
mai riƙe wa maƙwabta makulli.
Jiya Malam Hadi ya ce in bar masa nawa,
na ce a'a, na gode,
na ji kunyar kaina har bakin titi.

Ƙarshen kuwa, haushi:
ɗan sandan ya gano gaskiya, aka canja masa gari.
Kada ka ƙara ba ni irinsa.

Tsaya tukuna. Akwai na biyu?