Kwatancen Gida

Sagiru, ka ce matar cikin waya za ta kawo ku.
To, ta kawo ku Ƙofar Doka,
ta ɗora ku hanyar Jos, ku yi mata godiya.
Daga gadar Galma za ta fara kame-kame,
don ba ta taɓa shan ruwanmu ba.
Kasa kunne, ni zan gaya maka.

Ku sha mai tun a gari.
Nan sai na kwalba, wurin Tanimu, in ya ga dama,
ranar kasuwa kuwa ba ya ganin dama.

Bayan Dakace ka sassauta gudu.
Inda masu rake suka jingine kayansu
ka fara ƙirga kwalbati, uku za ka ƙirga,
na huɗu ya rufta bara, ba ya cikin lissafi.
Sai ka karya hagu a Gindin Rimi.

Kada ka ɗaga kai neman rimi.
An sare shi shekarar da aka kafa falwayoyi,
wutar har yau tana hanya,
sunan ne kawai ya ƙi tashi daga wurin.
Wani mai faci na zaune inda inuwar take a da,
tambaye shi, zai nuna maka da leɓe.

Daga nan kwalta ta yi muku sallama.
In an kwana ana ruwa,
kada ka bi sawun babura, ruɗi ne da su,
bi sawun amalanke,
sa ba ya kai kansa inda zai nutse.
A bakin fadama ka sauke mai ɗakinka da yara,
su tattare tufafi su taka.
Kai kuma giyar farko, ƙafa a kan totur,
ba a shawara a tsakiyar laka.
In ta kafe, ba abin kunya ba ne.
Samarin da ke dafa mazarƙwaila za su fito,
sun tura ta likita, sun tura ta mai sayen masara sau biyu,
kai ko sisi ba za su karɓa ba
muddin ka ambaci kakanka.

Hanya za ta rabu biyu
wajen makarantar da iska ta yaye wa kwano.
Ta dama ta fi faɗi, ta fi laushi,
maƙabarta ta nufa.
Ɗauki siririyar.
Ganyen dawa zai riƙa shafar gilashi hagu da dama,
bar shi, maraba yake yi.
Duk wanda ka tarar da fartanya a kafaɗa
tsaya ka tambaye shi ya ruwa, ya iyali,
nan ba a gaida mutum da oda.

Ta wannan siririyar ubanka ya fita,
a bayan akori-kura, bisa buhunan barkono,
yana atishawa yana dariya,
ya ɗago hannu ya ce mana sai kaka.
An yi kaka talatin da ɗaya.
Na san abin da ka ɗauko a but:
akwatinsa, rediyonsa, hular da ta koɗe.
Bar su a mota tukuna.

Gidan ba shi da lamba.
Zaure ne mai zanko ɗaya, damina ta cinye ɗan'uwan,
ga tsohon turmi a kife gindin ɗorawa.
Ba sai ka ɗaga murya wajen sallama ba.
Idon Inna Dudu ya tafi, kunnen na nan daram,
tana bambance kukan babur ɗin Tanimu da na malamin gona,
tun Talata ta sa aka share ƙofar gida,
aka ɗaure jan zakara a ƙafar rumbu.

Za ta laluba fuskarka da tafin hannu,
daga goshi, ta bi karan hanci, har haɓa.
In ta ce, Lawandi, ka dawo?
ka amsa.
Gyaran suna sai gobe, in an sha kunu.

Ku taso da hantsi.
Kwanan nan da la'asar hadari ke haɗuwa a gabas.