Taura Biyu

Shekara uku ina jefa takarda
kamar mai jefa guga a rijiyar da ta ƙafe.
Sai ga wasiƙu biyu a mako ɗaya,
ta Talata da ta Alhamis.
Ɗaya ta ce zo ka karanci ruwan ƙasa,
ɗaya ta ce zo ka nazarci harshe.
Wanda ya daɗe da yunwa ba ya mai da akushi.
Na sa hannu nan, na sa hannu can.

Iya na tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.
Ta ce, "Labaran, taura biyu ba ta taunuwa."
Na ce, "Iya, ai kumatu biyu ne."
Ta ce, "Maƙogwaro fa?"

Da hantsi ni ɗalibin kimiyya ne
a bakin wani kududdufi cikin Birni,
da kwalabe goma sha biyu da igiyar awo,
yara na zaton tarwaɗa nake nema.
Da azahar in sauya jaka cikin adaidaita sahu
a cunkoson Kabuga,
in koma mai bin tsofaffi da rikoda,
ina roƙon kalmomin da suka daina zuwa kasuwa.

Katin shaida biyu a aljihu ɗaya.
Fuska ɗaya ce, sai dai a na biyun na fi rama.
Kuɗin makaranta biyu
daga albashi ɗaya na malamin sakandare.
Babur ɗina ya tafi a zangon farko,
firjin Sakina a na biyu.
Ba ta ce uffan ba. Ta sayo randa.

Farfesa Tasi'u bai san da Dakta Kubra ba,
ita ma ba ta san da shi ba.
Na ƙware a gaisuwa da rabin fuska.

Ran nan 'yata Zulai ta ce,
"Baba, in ka gama, Dakta-Dakta za a ce maka?"
Na yi ta dariya, har na tuna
ba ni da babi na uku a ko'ina.

Sai daren da aka kawo wuta ƙarfe biyu.
Ido na yaji, na tura kowane babi gidan da ba nasa ba.
Farfesan ruwa ya sami sunayen kududdufai:
wanda aka cike aka jera shaguna,
wanda ya koma tashar mota,
wanda tsohuwa ɗaya ce tak a Yakasai ta tuna da shi.
Daktar harshe ta sami jadawalin zurfi,
mita kaza bara, mita kaza bana.

Kwana uku ban kunna waya ba.

Da na je, Farfesa ya cire tabarau.
"Wannan na shafi na tara a bayan gidanmu yake.
A cikinsa na koyi iyo.
Sunansa ya ɓace mini, sai jiya."
Ya yi shiru har fanka ta gaji da juyawa.
"Amma ba ni na sa ka wannan aikin ba.
Gonar wa kake nomewa da fartanyata?"

Dakta Kubra jan biro ta sa:
"Lambobin nan kuka suke, amma ba da Hausa ba.
Ka same ni ran Litinin."

Yau Lahadi.
Ina zaune a gindin badala wajen Ƙofar Na'isa,
jakunkuna biyu a gefena kamar 'yan rakiya.
Gobe sai na tofar da ɗaya.
Ruwa na janyewa, sunansa na bin sa,
tare suke tafiya,
ba su nemi iznin wata jami'a ba.
Ni kaɗai aka ce in zaɓa.

Da na koma gida bayan magariba
Iya ta aiko Zulai da ƙullin leda.
Na kwance.
Taura ce, guda ɗaya.